Mazaunin Na'urar Ƙarin Ƙarfi a Gaban A-kori-kura

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Damagaram, ta ratsa Dogo da Bande, ta sauka Magarya bayan tafiyar kilomita wajen 90, ko kuwa wanda ya taɓa karkatawa gabas ya nufi Dungas, daga can ya gangara Maigatari ranar Alhamis da kasuwar dabbobi ke ci, ba sai an gaya masa cewa arzikin wannan yanki a bayan a-kori-kura yake tafiya ba. Ita ce take kwaso gero da wake da riɗi daga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ita ce take ɗauko rake daga fadamun Korama, a kan buhunan kuma ga mutane jere, sa'an nan a ce da ita ta haye jigawar da yashinta ke kama taya har gindi. Saboda haka idan direba ya yi kwaɗayin ƙarin ƙarfi ga injinsa, ban ga abin zargi gare shi ba, domin larura ce ta kai shi.

To, a ƴan shekarun nan masana'antun ƙetare sun zo da wata ƙaramar na'ura, wadda ake saye daban bayan an sayi mota, a jona ta da kwamfutar da ke hukunta inji, ta sauya masa ƙa'idar shan mai da lokacin fesa shi da yawan iskar da turbo ke turawa. Mas'alar da nake so in warware a nan ita ce wadda masu saye suka fi rainawa, alhali kuwa a kanta lafiyar na'urar da ta mutanen da ke cikin motar suka rataya, wato a ina ya kamata a kafa ta a gaban mota.

Amma kafin a kai ga mazauni, wajibi ne mutum ya san ko motarsa ma tana karɓar wannan abu. Tsohuwar Peugeot 504 da ta yi wa iyayenmu hidima, da Land Cruiser mai injin 1HZ na lita 4.2 wanda famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba su da kwamfutar da za a yi wa magana. Wanda ya sayar maka da na'urar sauya hukuncin inji dominsu ya ci kuɗinka da zalunci. Waɗanda abin ya shafa su ne irin Hilux mai D-4D, da ta yawaita tun daga 2005 da injunan 2KD na lita 2.5 da 1KD na lita 3.0, da ƙannenta na 2015 masu 2.4 da 2.8, waɗanda ke tara gazuwal cikin bututu guda a matse shi ƙwarai, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe kowace nozul gwargwadon lissafinta. Na'urorin kansu kuma ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai akwatin da ake sanyawa tsakanin ma'aunan inji da kwamfuta, irin Unichip na Afirka ta Kudu, wanda ba shi da fuska, ba ya bukatar a dube shi. Akwai ƴar ƙaramar da ake haɗawa da totur, wadda ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, sai dai ta sa mota saurin amsawa idan an taka. Akwai kuma mai fuska kamar wayar hannu, irin su Edge da Bully Dog da aka ƙera galibi domin manyan motocin Amurka, wadda ke sauya hukuncin inji tana kuma nuna halin da yake ciki. Ta farko hukuncinta mai sauƙi ne: a ɓoye ta inda ruwa da zafi da hannun yara ba su kai ba, a ɗaure ta tam, a manta da ita. Ta ukun ita ce abin tattaunawa.

Wannan mai fuska tana samun wuta da labari daga wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD, wadda hukumar Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu gazuwal. Galibi za ka same ta a ƙarƙashin allon gaba, kusa da gwiwar direba. Ashe ke nan tun daga tushe igiyar na'urar daga wajen ƙafafun direba take fitowa, kuma duk nisan da aka kai fuskar, sai an ja igiya ta bi wata hanya. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Wuri na farko da hannu ke kaiwa, domin a can hoton da ke jikin kwali ya nuna ta, shi ne jikin gilashin gaba ko saman allo, a manna da robar nan mai tsotsa. A ƙasar da rana ke da sauƙi wannan ba laifi ba ne ƙwarai. Amma a Magarya da Dungas, inda zafin bazara a Afrilu da Mayu ke haura awo 40 a inuwa, motar da aka ajiye a filin kasuwa aka rufe gilasanta daga hantsi zuwa la'asar, saman allonta yakan wuce awo 70, har mutum ba ya iya ɗora tafinsa a kai. Wannan ne ma dalilin da ya sa direbobinmu ke shimfiɗa masa ƙyalle mai gashi ko guntun darduma. Kayan lantarki irin na hannu kuwa ba a yi su domin wannan azaba ba, har kamfanin Apple yana iyakance aikin wayoyinsa a awo 35. Abin da zai faru sananne ne: fuskar ta yi baƙi-ƙirin tsakar rana a kasa karanta ta, robar ta saki, gam ya narke, na'urar ta faɗo ta yi lilo a kan igiyarta daidai lokacin da mota ta faɗa wani rami. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda idan ta shiga tsakanin roba da gilashi, ba sauran kamawa. Ƙari a kan haka, duk abin da aka liƙa a gilashi yana tare wa ido wani yanki na hanya, kuma yankin da tafin hannu ɗaya ke rufewa a nesa da ido kaɗan ya isa ya ɓoye ɗan kabu-kabu da fasinjansa a mararraba.

Wuri na biyu da ya kamata a ƙaurace masa, kuma wannan haramcinsa ya fi tsanani, shi ne duk inda jakar iska take kwance. Sababbin motocin nan suna da ita a cibiyar sitiyari da kuma saman akwatin da ke gaban fasinja, waɗansu har a gwiwar direba da gefen rufi, inda za ka ga an rubuta SRS. Idan aka yi karo, jakar tana fashe murfinta ta cika cikin abin da bai kai kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa ba, da gudun da kan kai kilomita 300 a sa'a. Duk abin da aka ɗora a kan murfin nan, ko na'ura ce ko waya ko kwalbar turare, a wannan lokacin ya zama dutsen majajjawa da aka auna fuskar mutum da shi. Filin da ke gaban fasinja shi ne ya fi kowane faɗi da kyaun gani, shi ya sa yake jan hankali, kuma shi ne mafi hatsari. Haka nan mai son ya ɓoye igiya a bayan robar ginshiƙin da ke tsakanin gilashi da ƙofa, ya fara tabbatar da cewa babu jaka naɗe a ciki, in kuwa akwai, igiyar ta bi ta bayanta, kada ta gitta ta gabanta.

A nan ina so in ɗan dakata a kan wani al'amari da littattafan masana'anta ba su san da shi ba, domin waɗanda suka rubuta su suna zaton mutum ɗaya ne a gaba, ko biyu in sun yi yawa. Gaban a-kori-kurarmu ranar kasuwa kuwa majalisa ce: ga direba a hagu, ga dattijo ko mai jego da aka girmama da kujerar gaba, ga wani an matse a tsakiya gwiwarsa tana gogar giya, ga carbi yana lilo a madubi, ga ƙullin goro da wayoyin fasinjoji uku suna jiran layin caji. Na'urar da aka kafa a ƙasa ta tsakiya, kusa da giya, ba za ta yi mako ba sai gwiwa ta karya mariƙinta, ko yaro ya danna mata abin da ba a so. Waɗannan bayin Allah da suka biya kuɗinsu suka shiga, amana ce a wuyan direba, kuma malamanmu sun daɗe da karantar da cewa kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya, tunkuɗe ɓarna kuma yana gaba da jawo amfani. A kan wannan ƙa'ida nake auna kowane mazauni, kafin in duba kyaunsa.

Sai mu komo ga igiya. Na fi jin tsoronta a kan na'urar kanta, saboda hanyarta ta ratsa wurin da totur da birki da kuloci suke, ga kuma sandar sitiyari tana juyawa a sama da su. Igiyar da aka bari tana reto za ta iya sarƙe ƙafa lokacin da ake bukatar birki, ko ta naɗe a jikin sandar sannu a hankali har ta tsinke ko ta riƙe sitiyari. Kuma wanda ya saba tuƙi da silifa ko babbar riga ya fi kowa kusa da wannan musiba. Maganinsa shi ne a ɗaga igiyar sama tun daga bakin kafar, a ɗaure ta da igiyar roba a jikin abin da ba ya motsi, taƙi bayan taƙi, a naɗe ragowarta a cusa bayan allo, sa'an nan a juya sitiyari iyakarsa hagu da dama, a taka kowane feda har ƙasa, a ga babu inda ta taɓa.

To, bayan an cire gilashi, an cire bisa jakar iska, an cire tsakiya, ina ya rage? A ganina mazaunin da ya fi dacewa shi ne gefen hagu na sitiyari, tsakanin agogon gudu da ƙofar direba, a fuskar allo da ke kallon direba, ƙasa kaɗan da layin da ido ke kallon hanya, inda leɓen allon ke yi mata inuwa. Nan igiya gajera ce, fasinja ba ya kaiwa, hannun hagu yana isa ba tare da an saki sitiyari da nisa ba, ido kuma ɗan saukowa kawai zai yi. Idan nan ya ƙi, to kusa da kafar iskar sanyi ta dama da sitiyari, muddin na'urar sanyin tana aiki kuma fuskar ba ta rufe agogo ko fitilun gargaɗi ba. A kafa ta da mariƙi mai noti, ko ƙarfen da aka lanƙwasa aka ɗaure a wani notin da ke nan tun asali, domin hanyar burji mai gargada tana sassauta duk abin da gam kaɗai ke riƙe da shi. Wanda zai huda allo kuwa ya fara leƙa bayansa da tocila, gama wayoyin mota a nan suke a dunƙule.

Dalilin nace wa kusancin ido lissafi ne mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa 2 yana neman lamba a ƙasa ya yi mita 44 bai ga hanya ba, a hanyar da akuya ke ƙetarewa ba sallama, amalanken shanu kuma ke tafe bayan magariba babu fitila. Don haka ma da dare ya zama tilas a rage hasken fuskar, kada ya kashe ido.

Wani zai ce, in haka ne, me ya hana a sauya hukuncin injin sau ɗaya a jefa na'urar cikin akwati? Ga wanda ke yawon gari da mota wayam, wannan shawara ce mai kyau. Amma mai lodi da yashi yana bukatar ganin lamba guda, wato zafin hayaƙin da ke fita daga inji, wanda sau da yawa sai an dasa masa ma'auni na musamman a bakin bututun hayaƙi kafin ya bayyana. Ƙarin ƙarfi daga ƙarin mai yake zuwa, ƙarin mai kuma ƙarin wuta ne a kan fistin, wanda da alminiyum aka yi shi, ƙarfen da ke narkewa a awo 660, da tuni ya narke ba don baƙin mai da ruwa suna sanyaya shi ba. Makanikai suna ganin cewa hayaƙin da ya daɗe sama da awo 700 kafin ya shiga turbo alama ce ta a sassauta ƙafa a sauko da giya. Allurar zafin ruwa da ke jikin mota ba ta ba da wannan labari sai bayan aikin gama ya gama. Ga mai hawan jigawa da buhu a baya da azahar, wannan lamba ta fi masa ƙarin ƙarfin amfani, kuma domin ita ne ya cancanci a ba na'urar wuri kusa da ido. Ya kuma tuna cewa nozul ɗin da aka ƙara wa matsi ba ta yafe gazuwal mai ruwa ko ƙura, ko daga matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 ya fito ko daga ƙetaren iyaka, matuƙar ya kwana a jarka marar tsabta.

Saura abu biyu ƙanana. Rami na 16 na kafar nan yana ɗauke da wutar batir dare da rana, ko an zare makulli, saboda haka motar da za ta kwana da yawa a ajiye a cire mata na'urar, a sa ta a jaka, a rufe kafar da murfinta saboda ƙura. Kuma a ranar da za a shigar da sabon hukunci cikin kwamfuta, a yi shi mota tana tsaye a inuwa, batir cike, kowa ya janye ƙafarsa daga wajen igiya, domin idan ta zare aikin bai kammala ba kwamfutar na iya daskarewa motar ta ƙi tashi, daga nan kuwa sai an ɗaure ta a bayan wata an ja ta zuwa Damagaram ko Kano wajen masu kayan aikin farfaɗo da ita.