Kogunan sama da hasashen ruwa mai ƙarfi: abin lura ga yankin Yelu

1. Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa hasashen ruwa mai ƙarfi ya dogara ne ga bin sawun tururin ruwa tun daga teku. Za mu fara da misalin Kalifoniya, sa'annan mu dawo Yelu, cikin gundumar Gaya.

2. Ma'anar kogin sama

Masana biyu na jami'ar MIT, Zhu da Newell, su ne suka yaɗa wannan suna a 1994. Kogin sama wani siririn zirin iska ne mai ɗauke da tururi, tsawonsa kan wuce kilomita 2,000. In ya ci karo da tsaunuka, kamar Siyera Nebada ta Kalifoniya, sai iskar ta hau, ta huce, ta zubar da ruwa a gindin tsauni, dusar ƙanƙara a bisa. Saboda haka mai hasashe yana neman sanin inda zirin zai sauka, da daɗewarsa, da tsayin da ruwa ke daskarewa. In zirin mai ɗumi ne, ruwa kan sauka kan dusar, malala ta ƙaru. Haka ya faru a Fabrairun 2017, aka kwashe mutane kusan 188,000 daga ƙasan madatsar Orobil.

3. Halin Yelu

A nan babu irin waɗannan tsaunuka. Iskar damina ce ke kwaso laima daga tekun Gine ta kudu maso yamma, shi ya sa Gaya ke samun wajen milimita 800 a shekara, fiye da sauran sassan Nijar. Abin da ke ɗaga laimar shi ne zafin ƙasa da jerin hadari mai tasowa daga gabas, bisa kaɗawar iska da ke ratsowa duk kwana 3 zuwa 5. In laima ta yi kauri, hadarin kuma ya yi nawa, ruwan kan taru a kwarin Dallol Mauri, ya ci gonaki da gidajen laka.

4. Kammalawa

Hasashen damina da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai suka fitar a 2024 ya nuna ruwa zai yi yawa. Duk da haka ambaliya ta hallaka fiye da mutum 300 a Nijar. A ganinmu, hasashen damina bai wadatar ba, sai an haɗa shi da gargaɗin kwana ɗaya ko biyu, cikin harshen da manomi ke ji.