Yadda ƙaramin gari yake yin tutarsa

Tuta wani ƙyalle ne mai launi da ake ɗagawa bisa doguwar sanda. Kowace ƙasa tana da tata. An zaɓi tutar Nijar ran 23 ga watan Nuwamba 1959, kafin samun mulkin kai na ran 3 ga watan Agusta 1960. Launinta uku ne. Ruwan goro a sama yana nuna hamadar arewa. Fari a tsakiya yana nuna tsarkin zuciya. Tsanwa a ƙasa tana nuna ƙasar noma ta kudu. Da'irar da ke tsakiya kuwa rana ce.

Gari ma yana iya samun tuta. A Suwis, wata ƙasar duwatsu a Turai, garuruwa manya da ƙanana suna da tutocinsu. A Nijar ma akwai garuruwan duwatsu, kamar Timiya.

Timiya tana cikin duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas. A cikin waɗannan duwatsu ne Bagzan yake, inda ƙololuwa mafi tsawo a Nijar ta kai mita 2022. Mutanen Timiya Abzinawa ne. Wasu suna noman garka, suna samun lemu da rumman da dabino. Wasu makiyaya ne. Wasu suna bin ayarin raƙuma zuwa Bilma ɗauko gishiri. Akwai kuma maƙera. Idan mutanen irin wannan gari suka so yin tuta, yaya za su yi?

Da farko sai mai gari ya kira taro. Maza da mata, tsofaffi da samari, kowa ya faɗi abin da yake so tutar ta nuna. Wannan taro shi ne tushen aikin. Idan masu garka kaɗai suka zaɓa, makiyaya za su ce ba tasu ba ce, sai tutar ta raba gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, sai a nemi alamar da ta haɗa kowa. Mai garka zai so itacen lemu, madugu zai so raƙumi. Amma dukansu a gindin dutse suke zaune, kuma ruwa ɗaya suke sha. Saboda haka dutse da ruwa sun fi dacewa.

Na uku, sai a zaɓi launi biyu ko uku, kada su wuce haka. Ana iya sa baƙi don dutse, shuɗi don ruwa, tsanwa don garka. Ana raba launi masu duhu da farin layi don kowane ya fito sosai. Ba a yin rubutu bisa tuta, domin iska tana kaɗa ta, ba mai iya karantawa.

Na huɗu, sai gwaji. Ƴan makaranta su zana tutoci iri-iri bisa takarda. A kafa zanen a nesa, a duba wanda ake ganewa. Tuta mai kyau ita ce wadda yaro ya gani sau ɗaya, ya iya zana ta da ka. Wadda jama'a suka fi so, ita za a kai wa hukuma don neman izini.

Daga ƙarshe tela ya ɗinka ta da yadi mai ƙarfi, ya ninka bakinta sau biyu, domin iskar duwatsu tana yage ƙyalle, rana kuma tana kashe launi.

Tutar gari ba ta maye gurbin tutar ƙasa. Idan aka ɗaga su tare, tutar Nijar ce take sama, ta gari tana ƙasa da ita.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar kowane launi na tutar Nijar?
2. Waɗanne sana'o'i ake yi a Timiya?
3. Don me ake kiran taro kafin a zaɓi alama?
4. Don me ba a yin rubutu bisa tuta?

Aiki
Ku zana tutar garinku da launi uku, ku faɗi ma'anar kowane launi.