Laifuka a Kano: Baƙi ne ko 'yan gida?

A Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, 'yan Nijar da dama na neman abinci ta hanyar gadi, garuwa da sayar da shayi. Amma da zarar an fasa shago ko an yi ƙwacen waya, wasu kan yi saurin cewa aikin baƙi ne.

Sai dai alƙaluman hukuma ba su nuna hakan ba. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ya ce 'yan sanda sun samu rahoton laifuka 134,663 a faɗin Najeriya a 2017. An kasa su ne bisa jiha da nau'in laifi, ba ƙasar wanda ake zargi ba.

Tantancewar ma akwai wuya, domin ɗan Maraɗi da ɗan Katsina harshensu ɗaya, galibi ma dangi ne.

Irin wannan zargi ya taɓa yin tsada. Bayan rikicin Maitatsine na 1980 a Kano, wanda jagoransa ɗan asalin Kamaru ne, an ƙara ɗora wa baƙi ido. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu masu neman na abinci ne kawai.