Lambar da Ta Ƙi Gogewa

A watan Oktoban 2014, masana tsaron kwamfuta a Amurka suka fara nuna wa juna wani abu da ya ɗaure musu kai. Duk lokacin da waya ta nemi buɗe shafin intanet, takan tura 'yan layukan bayani tare da buƙatar tata: irin wayar, irin burauzar, harshen da mai ita ya zaɓa. Mai waya ba ya ganin waɗannan layuka, amma mai shafi yana ganinsu. To, a cikinsu ne aka tsinci wani baƙon layi. Ya fara da X-UIDH, sai haruffa da lambobi kusan hamsin a cakuɗe, ba kai ba gindi. Ba kowace waya ke zuwa da shi ba. Amma wadda ta zo da shi, da lamba ɗaya take zuwa a kowane shafi, safe da yamma, kuma lambar ta bambanta da ta kowace waya.

Jacob Hoffman-Andrews, wani injiniya a ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, yana cikin waɗanda suka fara kwarmata batun. Wani masanin, Kenn White, ya kafa ɗan shafi da kowa zai iya buɗewa ya ga ko tasa wayar na ɗauke da alamar. Mutane suka yi ta shiga. Tambayar farko ita ce: wa ke rubuta wannan layi?

Zargin farko a kan wayar ya faɗa, kuma ba laifi, don duk bibiyar da aka saba da ita a cikin waya take kwana. Shafuka kan ajiye wata 'yar shaida a burauza, wadda ake kira kuki, don su gane mutum in ya dawo. Maganinta sananne ne, a goge ta. Aka goge kukis kakaf, lambar tana nan. Aka buɗe burauza a yanayin sirri, wanda ba ya ajiye tarihi, tana nan. Aka canza burauza ɗungurungum, aka gwada manhajojin da ba burauza ba, duk kanwar ja ce.

Gwajin da ya karya zargin bai fi ƙiftawar ido ba. Aka kashe data aka hau Wi-Fi, sai layin ya ɓace ɓat. Aka koma data, ya dawo. Aka jona kwamfutar tafi-da-gidanka da datar wayar, sai ga kwamfutar ita ma ta isa shafi da lambar, alhali ba a taɓa saka mata komai ba. Wanda kuma ya duba saƙon a daidai lokacin da yake fita daga waya ba zai ga layin ba sam. A can inda saƙon ya sauka ake ganinsa. Ke nan a hanya ake liƙa shi. Kuma wayoyin da ke zuwa da X-UIDH duk layin kamfani ɗaya suke amfani da shi: Verizon Wireless, mai layuka sama da miliyan 100.

Yadda ake yi ba wani tsafi ba ne. Kamar ka ba yaron mota wasiƙa ce ba a cikin ambulan ba, shi kuwa kafin ya miƙa sai ya buga wani hatimi a samanta, hatimin da ya ware maka kai kaɗai, kuma haka yake yi wa duk wasiƙar da ka aika, ko ga wa. A 2014 yawancin shafuka da tsarin HTTP suke aiki, wanda ke tafiya a buɗe, kowa a hanya na iya karantawa, yana kuma iya ƙari. An lura cewa shafukan da ke da alamar kwaɗo a saman burauza, masu HTTPS, layin ba ya isa gare su, domin saƙon a kulle yake wucewa, na'urorin kamfanin ba su da inda za su cusa hannu.

An gano mai hatimi, saura dalili. A nan Jonathan Mayer ya shigo, wanda a lokacin ɗalibin digirin digirgir ne a Jami'ar Stanford, ga ilimin kwamfuta ga na shari'a. Ya bi takardun kamfanin, har da takardar mallakar fasaha da Verizon ya yi wa rajista, ya fito da tsarin. A lokacin Verizon na da wani reshe mai suna Precision Market Insights da ke harkar talla. Kamfanin waya ya san abubuwan da Google ma sai ya yi kirdado: adireshin gidanka na gaske, unguwar da kake kwana. Idan ka buɗe shafi mai gurbin talla, a cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ake yin gwanjon wannan gurbi tsakanin dillalai. Lambar nan ita ce tikitin. Dillali zai miƙa ta ga Verizon, ya biya, a gaya masa mai wannan lamba wane irin mutum ne, ba tare da an faɗi sunansa ba. Daga nan ya san nawa zai taya.

Kamfanin bai musa ba. Ya ce ai akwai hanyar ficewa daga shirin tallan. Aka gwada, sai wani abin mamaki ya sake ɓullowa: wanda ya fice ma, lambar na nan tana bin sa. Abin da ficewar ke hanawa kawai shi ne Verizon ya sayar da bayani a kan lambar. Buga ta kuwa bai tsaya ba, kuma kowane shafi yana karɓarta kyauta, ko yana hulɗa da Verizon ko ba ya yi. A ganina nan ne asalin ɓarnar take. Talla kowa ya saba da ita. Amma a raba wa duniya lambar da mai ita bai san da ita ba, ba ya ganinta, ba ya iya goge ta, kuma a kan layin da yake biyan kuɗinsa duk wata, wannan ya wuce talla.

AT&T, wani kamfanin layin da aka gano yana gwajin irin wannan lamba, bai tsaya jayayya ba, a watan Nuwamba ya sanar ya daina. Verizon ya kafe. Hujjojinsa biyu ne. Ya ce yana sauya lambar a kai a kai, kuma da wuya wani shafi ko dillalin talla ya ɗauke ta ya gina bayanan mutum a kanta.

Wannan ya buɗe tambaya ta uku, wadda ta fi sauran wuya: akwai wanda ke tsintar lambar? Mai tsintuwa ba ya shela. Alamar farko daga ProPublica ta zo, gidan jaridar bincike, inda Julia Angwin da abokin aikinta suka gano cewa MoPub, dandalin tallan waya da a lokacin mallakar Twitter ne, ya ambaci lambar a cikin takardun da yake ba masu haɗa manhaja. Amma ambato daban, kama mutum da hannu dumu-dumu daban.

Mayer ya ɗana tarko mai sauƙi. In dai wani kamfani na dogaro da lambar Verizon, to idan aka goge kukinsa, sabon da zai bayar zai zo da tsohuwar shaida, maimakon sabuwa. Ya duba kukin dillalai, ya goge, ya koma shafi a kan layin Verizon, ya sake dubawa. A wajen yawancinsu sabuwar lamba ta fito, yadda ya kamata. A wajen wani kamfani mai suna Turn kuwa, kukin da aka kashe ya tashi, da lambarsa ta jiya, harafi bai canza ba. A tsakiyar Janairun 2015 ya wallafa sakamakon, ProPublica ta maimaita gwajin ta samu abu ɗaya.

Turn ba wani ɗan kutse ba ne daga waje. Abokin cinikin Verizon ne a harkar talla. Kuma dillalan talla suna da al'adar musayar lambobi, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa cewa wanda nake kira kaza shi ne wanda kake kira kaza. Saboda haka kukin da ya tashi a wajen Turn yana iya sake haɗa mutum da tsohon tarihinsa a wajen wasu kamfanoni da dama. Jami'in Turn mai kula da sirri bai ɓoye ba, ya ce su shaidar da ta fi daɗewa suke nema don yin aikinsu, kuma a ganinsu goge kuki ba ya nufin mutum ya ce a daina bin sa. Ko mene ne ma'anar goge kuki in ba wannan ba, shi ya sani.

Hujjar sauya lamba ma ta rushe a wannan gwaji. Ranar da Verizon ya sauya lambar, kukin Turn na nan a waya, sai ya gane sabuwar lamba ta tsohon mutum ce. Ranar da mutum ya goge kuki, lambar Verizon na nan, sai ta dawo da kukin. Kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. Sai dai idan an yi sa'a duka biyun sun canza a lokaci guda, wanda mai waya ba shi da hanyar sani.

Cikin 'yan kwanaki Turn ya ce zai daina. Sanatoci huɗu, ciki har da Bill Nelson da Edward Markey, suka rubuta wa Verizon takarda. A ƙarshen Janairu kamfanin ya yi alkawarin ficewa ta gaskiya, wadda za ta cire lambar baki ɗaya, ya kuma aiwatar a ƙarshen Maris.

Saura tambaya ɗaya: tun yaushe? Amsar sai da hukuma ta sa baki. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yi bincike, kuma a ƙarshen 2015 ta ɗauki Mayer ɗin nan aiki a sashenta na tabbatar da bin doka. A ranar 7 ga Maris, 2016 ta fitar da sakamako. Verizon ya fara buga lambar tun Disambar 2012. Bai bayyana ta ba sai Oktoban 2014, bai kuma shigar da ita cikin takardar manufofinsa na sirri ba sai Maris ɗin 2015. Kusan shekara biyu lambar na yawo a gaban idon duk mai shafi a duniya, ba a yi hayaniya ba, domin waɗanda ke ganinta ba su ne take cutarwa ba.

Aka ci kamfanin tarar dala miliyan 1.35, aka kuma wajabta masa neman izinin mutum kafin ya ba wasu kamfanoni na waje lambar. A 2015 kuɗin shigar Verizon ya haura dala biliyan 131. In aka raba, tarar ba ta kai cinikin minti shida ba. Kuma kafin a yanke ta, kamfanin ya riga ya sayi kamfanin AOL a kan dala biliyan 4.4, da dukan injinan tallansa, don haka wasu da a da na waje ne sun zama 'yan gida.

Binciken bai tsaya a Amurka ba. Ƙungiyar Access ta kafa nata shafin gwajin, a 2015 ta ba da rahoton cewa kusan kashi 15 cikin 100 na gwaje-gwajen da aka yi sun nuna irin wannan alama, a ƙasashe da suka haɗa da Indiya, Sifen, Kanada da Holan. A wasu wuraren ma lambar wayar mutum ce tsirara ake turawa. Mai karatu a Kano ko Maraɗi da ya taɓa buɗe shafin kamfanin layinsa da data, ya ga an gaishe shi da lambarsa bai rubuta ta ba, ya ga ɗan'uwan wannan dabara da idonsa. Tana da amfaninta wajen duba ragowar data. Abin tambaya kullum shi ne wa kuma ake tura wa.

Doka ta yi yunƙuri ta koma. A Oktoban 2016 FCC ta kafa ƙa'idojin da za su hana kamfanonin intanet amfani da tarihin shafukan da mutum ya buɗe sai da izininsa. Ba su kai ga fara aiki sosai ba, a Maris ɗin 2017 Majalisar Dattawa ta soke su da ƙuri'a 50 da 48, ta Wakilai da 215 da 205, Donald Trump ya sa hannu a farkon Afrilu.

Abin da ya karya lagon X-UIDH a zahiri shi ne kwaɗon nan. A ƙarshen 2015 shirin Let's Encrypt ya fara raba wa masu shafuka takardar shaidar HTTPS kyauta, abin da a da galibi sai an saya. EFF na cikin waɗanda suka kafa shi, Hoffman-Andrews kuma na cikin injiniyoyinsa. A farkon 2017 rabin shafukan da ake buɗewa a burauzar Firefox sun koma a kulle, a Yulin 2018 kuma Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba shi da kwaɗo tambarin rashin tsaro. Wuraren da za a iya buga hatimi suka yi ta ƙarewa.

Sai dai kwaɗo cikin saƙo yake rufewa, bai rufe inda saƙon ya nufa ba. Kamfanin layi ba ya ganin abin da mutum ya karanta a shafin asibiti, amma galibi yana ganin sunan shafin, da ƙarfe nawa aka buɗe shi, da tsawon lokacin da aka ɗauka, da turken sadarwar da wayar ke kusa da shi. A Oktoban 2021 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta fitar da rahoto kan manyan kamfanonin intanet shida, Verizon na ciki. Ta gano cewa da yawansu na haɗa tarihin shafuka da na manhajoji da wurin da mutum yake, wasu na kasa abokan cinikinsu rukuni-rukuni har ta fuskar launin fata, sannan a buɗe wa masu talla ƙofa. Wannan karon babu wani baƙon layi da mai shafi zai tsinta ya nuna wa duniya, domin a cikin rumbun kamfanin ake haɗa lissafin, kuma hukumar sai da ta ba su umarni a rubuce tun 2019 kafin suka miƙa takardun.