Ɗakin Natsuwa Ga Yaron Da Hayaniya Ke Firgitawa

Uwargida, ko kina da yaron da ke toshe kunnuwa da zarar an tayar da injin markaɗe, ko ya yi ta tsala ihu in an sa masa sabuwar riga mai aiki a wuya? Wani yaron kuma akasin haka ne. Zai yi ta juyi kamar katantanwa ba ya jin jiri, ya faɗi ya ƙuje bai ko yi kuka ba. A gida akan ce sangarta ce ko taurin kai, wasu su ce iska, daga nan sai bulala da hayaƙi.

Sau da yawa ba haka ba ne. Ido da kunne da hanci da fata duk saƙo suke aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta tace. A wasu yara tacewar ba ta tafiya daidai, sai ƙara kaɗan ta zame musu kamar tsawa. An fi ganin haka ga masu galahanga da waɗanda aka haifa bakwaini. Wata Ba'amurkiya, Jean Ayres, ta yi littafi a kan wannan a 1972. A ƙarshen shekarun 1970 kuma wasu ma'aikata biyu a ƙasar Holan, Ad Verheul da Jan Hulsegge, suka fara shirya ɗaki na musamman mai taushin haske da sauti domin masu irin wannan larura. Ɗakin ba ya warkarwa, amma yana kwantar da hankalin yaro, kuma ba sai da kayan Turai ake yin sa ba.

Ke mai juna biyu, yanzu ne lokacin shiri. Ranar suna gida zai cika da guɗa da kiɗa da ƙamshin turare, kowa na son ya ɗauki yaro. Haka ranar hawan Sallah ko Sallar Gani a Daura, ga kakaki ga algaita ga 'yan bindiga. Abin da ke faranta mana rai, ga wan jaririn nan azaba ce. Yana buƙatar inda zai fake.

Fara da zaɓen wuri. Tsohon ɗakin soro mai rufin azara ya fi na kwano, don bangon ƙasa yana tare ƙara, yana da sanyi a bazara, kuma ruwan damina ba ya ƙwanƙwasa shi. A nisanci zaure da murhu da inda maigida ke ajiye janareto. In babu ɗakin da za a ware, kusurwa ɗaya ta isa. Ki kewaye ta da labule mai kauri mara ado, ki shimfiɗa tabarma da katifa a ƙasa, ki ɗaura gidan sauro. Yara da yawa na son gidan sauron nan, ya zame musu maɓoya. Haske ya zama mai laushi; ƙwan lantarki mai ƙyaftawa a cire shi.

Sai maganar ƙamshi, inda nake yawan samun gardama da kakanni. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi kada su shiga wurin. Kaskon garwashi kuwa a rufaffen ɗaki, ko da hunturu ne, hayaƙinsa yana kisa, da mai jego da jariri.

Kaya kuma kaɗan. Matashi biyu, tsumma mai laushi da mai kaushi, ƙwallo. Ga wanda ya haura shekara 3, ƙwaryar gero da zai riƙa cusa hannu a ciki, babba na zaune kusa. Mai son juyi a ɗaura masa lilo gajere a tsakar gida. Ki gabatar da abu ɗaya ɗaya, ki lura da fuskarsa. Abin da ya ture ki ɗauke. Shi zai shiga da kansa, ya fito da kansa. Kada a taɓa kulle shi ciki da sunan horo, domin daga ranar ba zai ƙara yarda da wurin ba.

Jaririn da ke tafe kuma dokarsa daban ce. Ya kwanta a rigingine kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba bargo mai nauyi. In bakwaini ne, ki rungume shi a ƙirji, fata da fata, a rage surutu da haske.

In yaro ya shekara ba ya waiwaye idan an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuni da yatsa kuma bai furta kalma ba, ko ya daina maganar da ya fara, ki kai shi sashen yara. A fara da gwajin kunne, musamman in ya yi shawara mai tsanani yana jariri. Ko daga Baure kike, ko Zango, Sandamu ko Mai'adua, asibitin da ke kusa zai ba ki takarda zuwa Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ki taho da katin rigakafinsa, tare da wanda ya fi zama da shi a gida.