A Riƙe Tsohuwa ko a Yi Ciko? Lissafin Masu Motocin Gudu a Kasuwar da ke Tsukewa

A ƙarshen shekarar 2023 motoci uku masu tarihi suka yi bankwana da masana'anta kusan a jere. Audi ya rufe babin TT a watan Nuwamba, bayan shekara 25 ana ƙera ta. A Disamba kuma Chevrolet ya ƙera Camaro ta ƙarshe, Dodge ma ya dakatar da Challenger. Jaguar F-Type ta bi sahunsu a 2024. Dukkansu dangi ɗaya ne: motar gudu mai ƙofa biyu, gajera, mai kwanciya a ƙasa, wadda ake saye don daɗin tuƙi kafin a yi maganar ɗaukar iyali ko kaya. Wannan ƙaranci ya sauya wata tambaya da a da ba ta da wuyar amsa a Amurka da Turai da Japan, wato ko mai irin wannan mota ya kai tsohuwarsa wurin dila, a yi mata kuɗi, ya yi ciko ya fito da sabuwa.

A da amsar a fili take. Sabuwa ta fi ƙarfi, ta fi aminci, tsohuwa kuwa kullum darajarta ƙasa take yi, don haka wanda ya jinkirta shi ke asara. Yanzu lissafin ya rikice, kuma ina ganin babu misalin da ya fi nuna hakan kamar motar da Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka ƙera.

A 2012 ta fito da sunaye daban-daban. A Japan da Turai ana kiranta Toyota 86 ko GT86, a Amurka Scion FR-S, ta Subaru kuma BRZ, duk daga masana'antar Subaru da ke Gunma. Injinta lita 2.0 ne, ƙarfin doki kusan 200, tayoyin baya ke tura ta, nauyinta kuwa bai kai kilo 1,300 ba. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Tetsuya Tada, bai nemi motar da za ta tsere wa kowa a miƙaƙƙiyar hanya ba. Har tayoyin da aka sa mata irin waɗanda ake sa wa wasu Prius ne, marasa riƙon kwalta sosai, domin direba ya ji bayan motar na motsi a kwana ba sai ya yi gudun ganganci ba. Masu ita sun so ta ƙwarai, amma ƙorafi ɗaya ya bi ta har ƙarshe: idan juyin inji ya kai wajen dubu huɗu, sai ƙarfin ja ya yi sanyi. Mutum ya fito daga kwana a giya ta uku, ya taka totur har ƙasa, motar ta yi kamar tana shawara, sai allura ta haura dubu biyar sannan ta farka. Duk wanda ke tuƙa ta kullum ya san wannan ramin, ya kuma koyi sauko da giya don kauce masa.

Sabuwar, GR86 da BRZ ta biyu, ta fito a Japan a 2021, ta isa Amurka a matsayin ƙirar 2022. An faɗaɗa injin zuwa lita 2.4, ƙarfin doki ya kai 228, ƙarfin ja ya tashi daga 205 zuwa 250 a ma'aunin Nm, kuma yana zuwa ne tun juyin inji na 3,700, ba sai an kai sama da 6,000 kamar da ba. Nauyi bai ƙaru da abin a zo a gani ba. A nan gaskiya sabuwa ta gyara ainihin abin da ke damun mai tsohuwa, kuma wannan ba kasafai yake faruwa ba. Sau da yawa abin da ake ƙara wa sabuwar ƙira shi ne babban allo da fitilu masu ado da kilo ɗari na nauyi.

To me ya sa duk da haka mutane da yawa ke riƙe tsofaffinsu?

Dalili na farko kuɗi ne, kuma ya fi yadda ake zato nauyi. An fara sayar da FR-S a kan dala dubu 24 da 'yan kai, GR86 kuma ta fara daga wajen dubu 28. Tazarar ba ta da yawa a takarda. Amma sabuwar ta faɗo kasuwa daidai lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya durƙusar da masana'antun mota bayan annobar korona, motoci suka yi wuya, diloli da yawa suka riƙa ɗora ƙarin kuɗi a kan farashin kamfani. Daga Maris ɗin 2022 kuma babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa, har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023, bashin sabuwar mota ya koma wajen kashi 7. A ɗauka mutum ya ba da tsohuwarsa ya ci bashin dala 20,000 don ciko, na shekara biyar a kan kashi 7. Zai riƙa biyan kusan dala 396 kowane wata, kuma kafin ya gama ya zuba fiye da dala 3,700 kuɗin ruwa kawai. Ga inshora da ke tashi da darajar mota, musamman ga matashi mai mota irin wannan. Ga kuma ragin da dila ke yi, domin shi ma riba yake nema idan ya sake sayarwa, ba zai taɓa ba da abin da mai saye kai tsaye zai bayar ba. A yawancin jihohin Amurka ana cire kuɗin tsohuwar kafin a lissafa harajin saye, abin da ke ɗan rage zafin, amma a Kalifoniya, babbar kasuwar irin waɗannan motoci, babu wannan sassauci. Duk wannan don ƙarin doki 28 ne da cike ramin nan na tsakiya. Wanda ya gama biyan motarsa, ba wanda ke binsa sisi, dole ya tsaya ya yi nazari.

Dalili na biyu shi ne tsohuwa ta daina faɗuwa kamar da. Idan kamfanoni sun rage ƙera wani nau'in mota amma masu son sa ba su ragu ba, kowa kan ta hannu yake komawa. Giyar hannu ta ƙara wa lamarin zafi. A Amurka sababbin motoci masu giyar hannu ba su kai biyu cikin ɗari ba, alhali yawancin masu sayen BRZ ita suke zaɓa. Saboda haka tsohuwa mai kuloci, wadda ba a yi mata kwaskwarimar hauka ba, ba ta kuma taɓa haɗari ba, ta zama abin nema. A can ƙololuwar kasuwa abin ya wuce hankali: Toyota Supra ta ƙirar 1993 zuwa 2002, mai injin 2JZ, ta zama kadara, har wadda aka yi amfani da ita a fim ɗin The Fast and the Furious aka yi gwanjonta a kan dala 550,000 a 2021. Dokar Amurka da ta hana shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba sai ta cika shekara 25 ita ma ta ja farashin tsofaffin motocin Japan sama, domin duk shekara akwai ƙirar da ƙofa ke buɗe mata, kamar Skyline GT-R ta 1999 da ta samu shiga a 2024.

Sai dai a nan nake ganin mutane da yawa na yaudarar kansu. Ba kowace tsohuwa ce Supra ba. An ƙera 86 ta farko da yawa, ta sha hannun matasa, kuma wadda ta yi tafiyar kilomita dubu ɗari biyu mota ce ta hannu kawai, ko da farashinta ya yi tsayin daka. Riƙe mota don a ci ribarta nan gaba caca ce, kuma ajiyar ma da kuɗinta. Abin da ya tabbata shi ne jinkiri ba ya cin mai ita kamar yadda yake yi a da, wannan kaɗai ya isa ya cire masa gaggawa.

A Turai matsalar ta zo ta wata fuska, domin can sabuwar ce ta ɓace. Tun farko Toyota ya sanar cewa shekara biyu kawai zai sayar da GR86 a nahiyar, saboda sababbin ƙa'idojin kariya na Tarayyar Turai da suka hau kan duk sabuwar mota daga Yulin 2024, ciki har da na'urar da ke gargaɗin direba idan ya wuce ƙa'idar gudu. Sake fasalin motar don ta cika su zai ci kuɗin da cinikinta ba zai mayar ba. Kason da aka ware wa Birtaniya ya ƙare cikin minti 90 da buɗe saye a 2022. Sabuwar Nissan Z, mai injin turbo biyu da ƙarfin doki 400, wadda ta gaji 370Z, ba a ma kai ta Turai ba sam, saboda dokokin hayaƙi. Porsche ma ya janye yawancin nau'o'in 718 Cayman daga kasuwar Tarayyar a 2024 saboda ƙa'idar tsaron kwamfutar mota. Mai tsohuwa a Jamus ko Faransa sau da yawa ba shi da sabuwar da zai yi musaya da ita, kuma idan ya sayar, da wuya ya sake samun irinta a farashin da ya saki.

Tushen duk wannan ciniki ne. Jama'a sun koma kan manyan motoci masu tsayi, kamfanoni kuma suna zuba dukiyarsu a motocin lantarki, to wace hukumar kamfani za ta amince a kashe biliyoyi kan motar da 'yan dubbai za su saya? Waɗanda suka rage sun rayu ne ta hanyar raba nauyi. Toyota da Subaru sun yi tarayya a 86. Supra ta 2019 da injin BMW ta zo, an harhaɗa ta a Graz ta ƙasar Ostiriya tare da Z4 ta BMW, kuma sai a 2022 aka ba ta giyar hannu bayan masoya sun matsa. Nissan ya gina sabuwar Z a kan ƙashin tsohuwar. Hatta masu sauƙin kuɗi sun tafi: Honda ya daina Accord mai ƙofa biyu bayan 2017, Civic kuma bayan 2020. Wannan ya shafe mu ta gefe, domin abin da Amurka ta daina ƙerawa yau shi ne tokumbon da ba za a gani a wuraren dilolin Kano da Kaduna ba nan da shekara goma.

Ba na son a ɗauka cewa riƙe tsohuwa ba shi da haɗari. Mota ta haura shekara goma, robobin ƙafa sun gaji, kuloci na neman sauyi, a jihohin da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara kuma tsatsa na cin ƙarƙashinta a ɓoye. Bakanike ya ɗaga ta ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, idan ya ji ya yi laushi, magana ta ƙare, babu soyayyar da za ta gyara wannan da araha. A 2018 ma an yi kiranyen 86 da BRZ na farkon fitowa don sauya sifirin ɗin bawul, aikin da sai an sauke inji. Sabuwa tana da garanti, gangar jikinta ta fi ƙarfi, ga na'urorin kariya da tsohuwa ba ta da su. Wanda motar ita ce ƙafarsa zuwa wurin aiki, ba shi da ta biyu, wannan kwanciyar hankali ta cancanci kuɗi. Amma sabuwar ma ba ta tsira daga surutu ba. A 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce kan rarar gam ɗin da ake liƙe sassan inji da shi, wanda wasu masu GR86 suka tarar ya taru a matatar da ke zuƙo baƙin mai, har aka yi jayayya da kamfani kan ko garanti ya shafi wanda ya kai motarsa filin tsere.

Illar da ta fi damuna ta faɗa kan matasa ne. Irin wannan mota a da tsani ce: mai kuɗi ya sayi sabuwa, bayan shekara huɗu ya sake ta, ta gangaro hannu na biyu da na uku har ta iso ga ɗan shekara ashirin da ya tara kuɗin aikin hutu, a kanta ya koyi sarrafa mota a kwana, ya koyi kwance birki da hannunsa. Yanzu na sama ba sa saki, na ƙasa kuma ba sa iya kaiwa. Kamfanoni ma abin na komo musu, domin duk mai tsohuwar da ya ƙi yin ciko ya rage adadin cinikin sabuwa, ƙarancin ciniki kuma shi ne hujjar da ake kafawa a kashe ƙirar. Alheri ɗaya da ya fito daga ciki shi ne kasuwar kayan gyara ta farfaɗo, har Toyota da Nissan suka koma ƙera wasu sassan tsofaffin Supra da Skyline da aka daɗe da dainawa.

A nawa ra'ayin, wanda ya gama biyan tsohuwarsa, ƙarƙashinta lafiya, yana kuma jin daɗinta duk lokacin da ya zauna a bayan sitiyari, ya riƙe abarsa. Kaɗan daga kuɗin da zai tafi a ruwa da inshora ya isa ya saya mata tayoyi masu kyau, ya sabunta ƙafafu da birki, ya ji kamar wata mota ya shiga. Musaya tana da ma'ana ne ga wanda zai iya nuna takamaiman abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, kamar ramin nan na juyin dubu huɗu, ya kuma tuƙa sabuwar a hanyar da ya saba bi, na tsawon da ya wuce zagayen minti goma da yaron dila a gefensa, ya tabbatar ta warkar da shi. Idan ya yanke shawarar saki, ya fara tallata ta ga masu nema kai tsaye kafin ya ji tayin dila, kuma kada ya miƙa makullin tsohuwar sai sabuwar ta iso an rubuta farashinta na ƙarshe a takarda.