Madannin Mos: na tsaye ko na gefe?

Duk daminar da kogin Haɗeja ya yi ambaliya, kamar a 2020 da 2022, ruwa kan datse hanyoyi a yankunan Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma. Idan sabis ɗin waya ya ɗauke a irin wannan hali, gari ya zama tsibiri ke nan. Akwai tsohuwar dabarar da ba ta jiran turken kamfani: haruffan Mos, waɗanda Samuel Mos ya aika saƙo da su ta wayar tangaraho daga Washinton zuwa Baltimo a 1844. Sauti biyu ne kacal, gajere da dogo, kuma dogon ya ninka gajeren sau uku. Masu sha'awar rediyo na aika su har yau, domin ƙaramin akwati mai wat 5 kan tsallaka ƙasashe da su inda murya za ta narke cikin shuu.

Gardamarsu a kan madannin da ake buga haruffan da shi take. Na tsaye sanda ce ta ƙarfe mai ƙulli a baki. Ka danna, sauti ya fita; ka saki, ya tsaya. Tsawon kowane sauti da tazarar da ke tsakani duk a wuyan hannunka suke, shi ya sa ake gane mai bugu tun bai faɗi lambarsa ba, kamar yadda ake gane hannun makaɗin kalangu. Illarsa gajiya. Ma'aikatan tangaraho na da sun sha ciwon hannu saboda wuni suna dannawa, abin da ya sa Horas Matin ya ƙera wani sabon madanni mai suna Vibroplex a farkon ƙarni na 20.

Na gefe kunnuwa biyu gare shi. Babban yatsa ya taɓa ɗaya, gajeru su zubo. Manuni ya taɓa ɗayan, dogaye su biyo. Na'urar lantarki ce ke auna tsawonsu, don haka ya fi sauri da tsafta.

A ganina, mai koyo a Haɗeja ya fara da na tsaye. Da guntun katako, tsohon bakin zarto da kusoshi biyu, ɗalibi zai haɗa nasa, in ya lalace kuma ya gyara da kansa. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta jarrabawar Mos ga mai neman lasisin rediyo, saboda haka in ba a koyar ba, ɓacewa zai yi. Malaman kimiyya na makarantunmu, ku gwada shi da yara kafin damina ta kama.